Mako Biyu a Gindin Dutsen Tingelin: Nazarin Lamarin Wani Yaro da Sansanin Babban Hutu a Garwa

Yaron da wannan nazari ya shafa ɗan shekara 14 ne, mazaunin wata tsohuwar unguwar Hausawa a birnin Garwa, hedikwatar yankin Arewa na ƙasar Kamaru. An sakaya sunansa da na iyayensa da na unguwar. Mahaifinsa direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere ya kai Kusiri, wani lokaci ya tsallaka har Njamena, don haka yakan yi makonni bai kwana gida ba. Mahaifiyarsa tana soya ƙosai da safe a ƙofar gida. Shi ne babba cikin 'ya'yanta. A makaranta ba ya cikin na gaba, ba ya cikin na baya, kuma ba a taɓa kiran iyayensa kan wani laifi ba. Ni malamin sakandare ne, ina cikin waɗanda suka kula da sansanin da za a yi bayani a kansa, kuma na ci gaba da bibiyar yaron bayan an watse.

Yadda abin ya faro

A Kamaru makarantu suna rufewa a watan Yuni, ba a komawa sai farkon Satumba. Kusan wata uku ke nan. Muddin ana karatu, yinin yaron a ɗaure yake: sallar asuba, ɗiban ruwa, tafiya makaranta a ƙasa, dawowa, makarantar allo da yamma, barci bayan isha'i saboda gajiya. Da hutu ya zo sai duk waɗannan suka kwance a lokaci guda. A ƙauye damina tana cika wannan giɓi da noma da kiwo. Yaron birni kuwa, wanda gidansu ba su da gona, babu abin da ke jiransa sai zaman kashe wando.

Wani ɗan'uwansu ya bar masa tsohuwar waya. Cikin mako uku dare ya zama masa rana. Yakan fita bayan magariba zuwa gidan kallon ƙwallo, daga nan teburin mai shayi, ya dawo ya kwanta da waya a hannu har biyu ko uku na dare. Asuba ta fara wuce shi. Ba ya tashi sai rana ta take, ya tashi da ciwon kai, ya ture abin karyawa. Magana kaɗan sai faɗa. Ranar da ya kwaɗa wa ƙanwarsa mari don ta taɓa masa waya, kuma a makon ne wata maƙwabciya ta ce ta gan shi zaune a inuwar da masu baburan haya ke taruwa, inda kowa ya san ana cinikin tramol, mahaifiyar ta aika aka kira yayanta.

"Yaya, yaron nan yana neman fin ƙarfina," in ji ta. "Ubansa ba ya nan, ni kuma in na yi magana sai ya zuba mini ido kawai."

Kawun ya kai shi cibiyar lafiya, yana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ke cin sa a ɓoye. Gwaji bai nuna komai ba. Ma'aikaciyar jinyar ce ta yi tambayar da ba wanda ya yi a gida: ƙarfe nawa yake barci, kuma yaushe rabon da ya yi gudu har ya yi gumi?

Tambayar tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum, irin wanda ke sa numfashi ya ƙaru. Wani babban bincike da hukumar ta fitar a 2019, wanda ya duba ɗalibai miliyan 1.6 'yan shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, ya gano kashi 81 cikin ɗari ba sa kai wannan ma'auni. Masana barci kuma suna cewa ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar sa'a 8 zuwa 10 a dare. Ita dai hukumar ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma damuwa da ƙuncin rai suna kan gaba. A wurinmu ba a cika kiran abin da wannan suna ba. Sai a ce yaro ya lalace, ko an yi masa baki, ko ya fara girman kai. Wannan yaro bai kai ga ciwo ba, amma ƙafarsa tana kan hanyar.

Sansanin da gardamar da ta riga shi

A daidai lokacin ne wasu iyaye da malamai na unguwar suke shirya kai yara maza sansani na mako biyu a cikin watan Agusta. Wanda ya kawo shawarar wani dattijo ne da ya yi sikawut, wato ƙungiyar horar da yara ɗa'a da zaman sansani, a ƙuruciyarsa. Dabarar ba sabuwa ba ce a duniya. Tun a 1876 wani limamin coci a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, Walter Bion, ya kwashi yaran talakawa 68 ya kai su duwatsun Appenzell don su sha iska su ci su ƙoshi, kuma a 1907 wani hafsan sojan Birtaniya, Baden-Powell, ya yi sansaninsa na farko a tsibirin Brownsea na Ingila, wanda daga nan sikawut ya samo asali. Mu ma muna da namu: gasar ƙwallon hutu da kusan kowace unguwa ke yi, da dashen itatuwa na shirin Sahel Vert da aka fara a shekarun 1970. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne yaro ya kwana a wani wuri ba gidan dangi ba, ba kuma gaban malamin allo ba.

An kai ruwa rana kafin a daidaita. Wasu suka ce hutu lokacin taya iyaye kasuwa ne. Wasu suka kawo maganar tsaro, kuma suna da gaskiya: tun 2014 yankin Arewa Mai Nisa yake fama da hare-haren Boko Haram, a wasu sassan yankinmu kuma masu garkuwa da mutane sun hana makiyaya da manoma sakat. Wata uwa ta fito fili ta yi tambayar da mutane da yawa ke jin nauyin yi, wato wa zai tsare yaran daga manyan da aka ba amanarsu. Ina ganin wannan ita ce tambaya mafi nauyi da aka yi a zaman, kuma ita ta haifar da dokar da na fi alfahari da ita: babu babban da zai keɓe da yaro shi kaɗai, dare ko rana, kuma kowane uba ko kawu yana da izinin zuwa ba tare da sanarwa ba. Aka zaɓi wata makarantar firamare da ba kowa a cikinta saboda hutu, a wajen Pitowa, kusa da babbar hanyar Marwa, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a a mota ba daga Garwa. Aka sanar da jauro, wato mai garin, da jandarmomi. Wani ma'aikacin jinya da ya yi ritaya ya yarda ya kwana tare da yaran. Kuɗin abinci kuwa karo-karo aka yi, wanda ba shi da sefa ya kawo masara ko gyaɗa ko kuka.

Mahaifin yaron, da aka same shi a waya, cewa ya yi, "Me zai koyo a daji da ba zai koya a gida ba?" Bai sauko ba sai da ya ji liman zai tura almajirinsa babba ya riƙa jan salla da karatu bayan asuba.

Abin da aka gani

Daren farko aka tara wayoyi a akwatin ƙarfe aka kulle. Yaron bai yi musu ba, amma bai kwanta ba. Ya zauna a bakin ƙofar ajin da aka mayar ɗakin kwana, ya jingina da bango, hannunsa na zuwa aljihu yana dawowa wayam, ya sake zuwa ya sake dawowa. Sauran yara suna ta minshari a cikin gidajen sauro. Ya ce wa dattijon, "Baba, ni fa gobe zan koma gida." Dattijon ya ce, "To, Allah ya kai mu goben. In ka ga rana ta fito kana kan bakanka, ni zan kai ka tasha." Da safe aka fita gudu, bai yi nisa ba ya tsaya ya yi amai a gefen hanya. Amma bai sake maganar tasha ba, ina jin don kunyar ƙananan da suka wuce shi.

Tsarin yinin ba wani abin mamaki ba ne. Asuba, karatu, gudu ko tafiya kafin rana ta yi zafi, kunun gyaɗa da ƙosai, aikin hannu, tuwon masara da miyar kuka ko ta yakuwa, hutawa, ƙwallo ko langa bayan la'asar, hira da tatsuniya bayan isha'i, a kashe fitila ƙarfe tara da rabi. A dare na huɗu yaron ya yi barci kafin a gama hira. Daga nan bai sake kwana ido biyu ba, ciwon kai ya tafi, kuma ya fara neman ƙarin tuwo.

Akwai dalilin da ya sa barci ne ya fara gyaruwa, kuma da sauri haka. Jikin mutum yana da agogonsa, haske ne ke saita shi. Hasken safe yana jawo lokacin barci ya matso, hasken dare, har da na fuskar waya, yana tura shi gaba. Balaga ma da kanta tana karkata wannan agogo zuwa dare, shi ya sa matashi ya fi ƙaramin yaro son hira har tsakar dare. A 2013 Kenneth Wright da abokan aikinsa a Jami'ar Kolorado ta Amurka sun kai mutum takwas zaman mako guda a duwatsu ba lantarki ba waya, suka tarar agogon jikinsu ya matso da kusan sa'a biyu. Abin da ya faru da yaronmu ke nan. Ba wa'azi ne ya kwantar da shi ba. Rana ce ta same shi a waje tun fitowarta, jikinsa ya gaji da aiki na gaske, dare kuma ya zama duhu.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. A ganina abin da ya fi taɓa shi shi ne aikin ruwa. Damina lokacin kwalara ce a arewacin Kamaru, don haka ma'aikacin jinyar ya kafa doka cewa ba a shan ruwan da ba a sa wa ruwan Javel ba, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa. Ya nemi wanda zai riƙe aikin, ya nuna yaron, ba don ya fi kowa natsuwa ba, sai don ya ga yana raɓe-raɓe shi kaɗai. Ya koya masa awon, ya ba shi agogon hannunsa ya ce in an zuba sai an jira minti 30. Na tsaya na kalle shi wata safiya. Ya jera jarkoki a inuwar darbejiya, ya ɗiga maganin yana ƙirgawa da leɓe, ya rufe, ya rubuta lokaci da alli a jikin kowace jarka. Wani ƙato ɗan shekara 17 ya zo da kofi yana huci daga fili, yaron ya dafe murfin ya ce, "Yaya, saura minti goma." Ƙaton ya zazzare masa ido, shi kuwa bai ɗaga hannu ba. Daga ranar yara suka sa masa Sarkin Ruwa.

A gida ana aikensa, amma aike daban, amana daban. Wanda aka aika in ya ƙi, wani zai je. A nan kuwa lafiyar kowa tana hannunsa, kuma ya san haka, kowa ma ya sani. Yaron da uwarsa ta ce sai dai ya zuba mata ido, shi ne yake tashi kafin kiran salla ya duba jarkoki. Ban ga wani abu a sansanin da ya kai wannan tasiri a kansa ba, har da hawan dutsen Tingelin da aka yi a mako na biyu, wanda ya kai ƙololuwa da ƙafarsa ya hango Binuwai ta cika ta batse.

Ƙwallo ta kusa ɓata komai. An bar yara su zaɓi ƙungiyoyinsu, sai suka rabu bisa layin gida da harshe, masu Hausa a gefe, masu Fulatanci a gefe, 'yan tsirarun da ba su cikin ko ɗaya suka rasa inda za su. Wasa na uku ya ƙare da jifa da baƙaƙen maganganu irin waɗanda yaro ba ya ƙirƙira da kansa, a gida yake jin su. Masanin halayyar jama'a Muzafer Sherif ya ga irin wannan a 1954 a wani sansani a jihar Oklahoma ta Amurka, inda ya raba yara 22 gida biyu ya sa su gasa har suka koma ƙona tutar juna. Haɗa su cin abinci bai sasanta su ba. Abin da ya sasanta su shi ne matsalar da ɓangare ɗaya ba zai iya warwarewa shi kaɗai ba, kamar gyaran hanyar ruwan sansanin da jan motar abinci da ta maƙale. Mu ma aka rushe ƙungiyoyin aka cakuɗa su, sannan aka ba su aiki guda: haƙa ramuka da dasa darbejiya kewaye da makarantar, da sharaɗin ba ƙwallo sai an gama layi. Ba zan ce sun zama 'yan uwa cikin kwana biyu ba, amma jifa ta tsaya, kuma abokin da yaron ya fi shaƙuwa da shi har yau daga wancan ɓangaren ya fito. A yankin da rikicin ruwa tsakanin Musgum da Larabawan Shuwa a Logon-Birni ya kori dubban mutane zuwa Chadi a 2021, wannan ba ƙaramin darasi ba ne ga ɗan shekara 14.

Inda sansanin ya gaza, da haɗarin da ke cikinsa

Duk mai son kwaikwayon wannan shiri ya sani cewa babban hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da sauro ya fi yawa. Maganin rigakafin zazzaɓi na damina da ake rabawa gida-gida a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa tun 2016 na yara ne 'yan wata 3 zuwa 59, bai shafi matasa ba. Duk da gidan sauro, yara biyu sun kwanta. Da yake akwai kayan gwaji da magani a hannu, an gane da wuri, suka sha na kwana uku suka tashi. Da babu ma'aikacin jinya, da labarin ya sha bamban, kuma ni ba zan goyi bayan kowane sansani da ba shi da irinsa ba, komai kyawun niyyar masu shi.

An hana wanka a kududdufi da rafi, yara suka yi ta ƙorafi. Dalili biyu ne: nutsewa, da tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fata. Da aka yi musu bayani, sai ga yara suna cewa ai fitsarin jini alamar zama namiji ne. Wasunsu sun daɗe da shi ba su faɗa wa kowa ba. An rubuta wa iyayensu takarda su kai su a gwada, domin maganinta, praziquantel, yana samuwa.

Sai babban yaron nan mai kofi. A kwana na uku ya kama gumi da rawar jiki da ciwon gaɓoɓi, ba zazzaɓi. Da aka zauna da shi, ya faɗi gaskiya: ya daɗe yana shan tramol, ya shigo da 'yan ƙwayoyi sun ƙare. Tramadol maganin ciwo ne dangin opiyom, jiki yana sabawa da shi, yawansa yana kawo farfaɗiya, kuma wanda ake sayarwa a bakin titi yakan ninka na asibiti ƙarfi. Iska mai kyau da gudu ba sa warkar da wannan. An kira mahaifinsa aka haɗa su da likita. Ya dawo ya ƙarasa kwanakin, amma labarin da nake ji yanzu ba mai daɗi ba ne. Sansani yana iya tare yaron da ke bakin rami, wanda ya riga ya faɗa kuwa yana bukatar abin da ya fi mako biyu.

Bayan an dawo

Makon farko mahaifiyar ta ce kamar an canza mata ɗa. Yana tashi asuba, yana kai mata itace wurin suya, ya hana ƙannensa shan ruwan randa sai an sa magani. A mako na uku wayar ta fara cin dare kuma. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin abin da ya gyara shi tsari ne, kuma tsarin ya rage a Pitowa. Kawun ne ya sa baki. Ya zaunar da shi, ba da faɗa ba, suka yi yarjejeniya cewa waya za ta riƙa kwana a ɗakin uwa daga ƙarfe tara. Komawa makaranta a Satumba ta taimaka ƙwarai. Dattijon kuma ya ci gaba da tara yaran kowace Asabar da safe, su yi gudu zuwa wajen filin wasa na Rumde Ajiya su dawo, wata ɗaya sau ɗaya su hau mota su je duba itatuwansu. Awaki sun cinye wasu, wasu sun kama.

Zuwa ƙarshen zangon farko yaron yana barci a kan lokaci mafi yawan darare, bai koma inuwar masu babura ba, makinsa ya ɗan ɗaga, ba sosai ba. Har yanzu yana da saurin fushi. Lamarin yaro ɗaya ba hujja ba ce a kan kowa, kuma shi yana da kawu mai kula da uwa mai sa ido, abin da wasu abokansa ba su da shi. Waɗanda suka koma gidan da ba wanda ya riƙe musu ko da abu ɗaya daga tsarin, cikin wata guda sun koma gidan jiya.

Akwai kuma waɗanda ba a je da su ba sam. Ƙanwar yaron, wadda ya mara, 'yar shekara 12, ta tambayi kawunsu, "Kawu, mu yaushe za a kai mu?" Binciken 2019 ɗin nan ya nuna 'yan mata sun fi maza rashin motsa jiki, kashi 85 cikin ɗari a kan 78. A unguwarmu yarinya tana aiki tun safe har dare, talla da wanke-wanke da raino, amma wasa da gudu da zama da sa'o'inta ba tare da tire a kai ba, ana yanke mata su tun kafin ta balaga. Ba uban da zai yarda 'yarsa ta kwana a Pitowa, kuma ban ga amfanin ɓata lokaci kan wannan gardama ba. Shawarar da ke gaban kwamitin yanzu ita ce a yi na 'yan mata a cikin gari, na yini kawai, a harabar makaranta mai katanga, malamai mata da wata ungozoma su riƙe shi. An samu makarantar, an samu matan. Abin da ya rage shi ne lokaci, domin iyaye mata da yawa sun ce ba za su saki 'ya'yansu da safe ba sai an sayar da abin talla, masu shirin kuma suna son a fara kafin rana ta yi zafi. An ɗage zaman zuwa bayan girbi, kuma an roƙi mahaifiyar yaron, da yake ita ma mai sana'ar safe ce, ta zagaya gidaje ta ji ƙarfe nawa kowace uwa za ta iya.